Takunkumin Fasaha da Halin Mai Saye

Jama'a masu sauraro, iyayena da 'yan'uwana na Gulma da Argungu da Birnin Kebbi, da duk wanda muryar nan ta iske a garuruwan bakin gulbi, barkanmu da war haka.

Mas'alar da muka ɗauko yau, wanda ya ji sunanta da farko zai zaci babu ruwansa da ita, domin magana ce ta takunkumin da manyan dauloli ke ƙaƙaba wa juna a kan fitar da kayan fasaha, da irin halin da wannan ya jefa manyan kamfanonin kayan lantarki na duniya. Amma ku yi mini haƙuri, ku biyo ni sannu a hankali. Wayar da ke aljihun ɗanka, da ƙarfen sabis da ke bayan gari, da farantin sola da ke juya injin ban ruwa a fadama, dukkansu sai da suka ratso ta ƙofofin nan da ake rufewa da buɗewa kafin su iso hannunmu. Abu ɗaya nake so in tabbatar muku. Wanda ya iya ƙira, takunkumi jinkirta shi yake yi. Wanda saye kaɗai ya iya, takunkumi tsayar da shi yake yi cak.

Bari mu fara daga gida, da abin da muka gani da idonmu.

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, kuma a farkon watan Agusta Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke bin babbar waya daga nan Birnin Kebbi zuwa Yamai, alhali kuwa a lokacin galibin wutar da ƙasar ke sha daga wajenmu take zuwa. Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu ba su ne suka yi juyin mulkin ba. Tela ne, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, da majinyacin da ke kwance a asibiti. Mu ma da muka rufe ƙofar ba mu tsira ba, gama duk wanda ya san garin Kamba na bakin iyaka ya san yadda kasuwa ta mutu, motoci suka yi jerin gwano suna jira, dangi na wannan gefe suka kasa isa ga dangi na wancan gefe. Nijar kuwa ta kunna tashar wutar hasken rana ta Goru Banda, ta shiga neman hanyar da za ta rage dogaro da mu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma ciniki bai koma yadda yake dā ba nan take, domin amana idan ta tsage ɗinkinta yana da wuya.

Ku riƙe wannan a zuciya. Abin da ke faruwa tsakanin Amurka da ƙasar Sin ɗan'uwan wannan ne, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Kafin mu je can, ya kamata mu yi adalci, mu faɗi cewa hana abokin gaba abin da zai ƙarfafa shi ba bidi'ar wannan zamani ba ce, kuma ba kowane hani ne zalunci ba. Fuƙaha'un mazhabarmu, tun daga Imamu Malik kamar yadda ya zo a Mudawwana, sun hana ɗan kasuwa ya sayar wa waɗanda ake yaƙi da su makamai da dawaki da duk abin da zai ƙara musu ƙarfin yaƙi. Kiristocin Turai ma, a babban taronsu na Lateran a shekarar 1179, sun haramta sayar wa Musulmi makamai da ƙarfe da katakon jirgi. Mu kanmu irin wannan hani ya taɓa mu a inda ya fi ciwo, domin a 1890 daulolin Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan ƙasashen Afirka, suna fakewa da yaƙi da cinikin bayi. Da shekarar 1903 ta zo, mayaƙan Kano da na Sakkwato suka fuskanci bindiga mai ruwa da takobi da mashi da kibiya da 'yan bindigogin da ba su taka kara sun karya ba. Ba jaruntaka ce ta gaza ba. Ƙira ce ba mu da ita, saye kuma an toshe.

Sai dai shari'a ta sa wa hanin iyaka. A cikin sira an ruwaito cewa sa'ad da Sumamatu ɗan Usalu, shugaban mutanen Yamama, ya musulunta, ya hana kai wa mutanen Makka alkama har suka galabaita, suka aika wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna roƙo da zumunta, shi kuwa ya umarci Sumamatu ya sake musu hanyar abinci, alhali a lokacin suna gaba da shi. Makami daban, abin rayuwar talaka daban. To, a nan ne wahalar zamaninmu take, domin abin da ake rikici a kansa yau makami ne, kuma abin rayuwa ne, a lokaci guda.

Mene ne wannan abu? Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ba ta wuce farcen yatsa ba, wadda ake sassaƙa biliyoyin hanyoyin wuta a jikinta. Ita ce ke cikin waya, da kwamfuta, da mota, da na'urar cirar kuɗi ta bakin kasuwa, da na'urar hoton ciki ta asibiti. Ita ce kuma ke cikin makami mai linzami da jirgin yaƙi maras matuƙi. Babu wata ƙasa guda da ta iya yin ta daga farko har ƙarshe. Yadda babbar riga ke bi ta hannun mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai ɗinki, da mai aikin wuya, har da mabugi, kafin ta hau jikin mai ita, haka wannan ƙwaƙwalwa take. Galibin manhajar da ake zana ta da ita ta Amurkawa ce. Injin da ke zana mafi siririn layi a jikinta kamfani ɗaya tak ke ƙera shi a duniya, wato ASML na ƙasar Holan. Sinadarai da yawa daga Japan suke fitowa. Mafi ingancin sassaƙa kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ke yi, sai Samsung na Koriya ta Kudu. Ƙasar Sin kuma ita ce babbar mai tace ma'adinai da harhaɗa kaya. Duk wanda ya riƙe mataki ɗaya a cikin waɗannan, yana iya tsayar da aikin baki ɗaya.

Yanzu mu dubi yadda abin ya faɗa wa kamfanoni.

Na farko da ya sha dukan shi ne ZTE na ƙasar Sin, wanda kayansa na cikin waɗanda aka gina hanyoyin sadarwar Afirka da su. A watan Afrilu na 2018 Amurka ta hana kamfanoninta sayar masa da komai, bisa hujjar cewa ya kai wa Iran da Koriya ta Arewa kayan da aka haramta, kuma bai cika alkawarin da ya ɗauka daga baya ba. Cikin 'yan makonni kamfani mai dubun dubatar ma'aikata ya ba da sanarwar cewa manyan ayyukansa sun tsaya. Bai farfaɗo ba sai da ya biya tarar dala biliyan ɗaya, ya kuma sauya shugabanninsa. Me ya durƙusar da shi da sauri haka? Ya iya harhaɗawa, amma ƙwaƙwalwar sayenta yake yi.

Sai Huawei, wanda labarinsa ya fi cancantar a tsaya a kansa. A watan Mayu na 2019 Amurka ta sa shi cikin jerin kamfanonin da ba a sayar musu da fasaharta sai da izini, tana zarginsa da zama barazana ga tsaronta, shi kuwa yana musantawa. Nan da nan Google ya janye manhajojinsa daga sababbin wayoyin kamfanin. Daga watan Satumba na 2020 TSMC ya daina sassaƙa masa ƙwaƙwalwa, ko da yake TSMC ba na Amurka ba ne, domin dokar ta ce duk wanda ke aiki da fasahar Amurka, ko a ina yake, hukuncin ya hau kansa. Kamfanin da a tsakiyar 2020 ya taɓa zama na ɗaya a duniya wajen sayar da wayoyi, kafin shekarar ta ƙare ya sayar da reshensa na Honor don reshen ya tsira, kuma a 2021 kuɗin da ke shigo masa ya ragu da fiye da rubu'i. Masu sayar da waya a Farm Centre ta Kano da shagunan Birnin Kebbi shaida ne, domin mai saye ba ya son wayar da ba zai iya sauke manhajojin da ya saba da su cikin sauƙi ba, sai wayoyin suka yi ta janyewa daga kan tebur.

Da labarin ya ƙare a nan, da mun ce takunkumi ya yi nasara. Amma bai ƙare ba. A ƙarshen watan Agusta na 2023, a cikin watan nan da Yamai ke kwana cikin duhu, kuma a daidai lokacin da sakatariyar kasuwancin Amurka ta wancan lokaci, Gina Raimondo, ke ziyara a ƙasar Sin, Huawei ya fito da wayar Mate 60 Pro, ɗauke da ƙwaƙwalwar da kamfanin SMIC ya sassaƙa a cikin gida. Gaskiya ne ba ta kai ta Taiwan inganci ba, kuma yin ta ya fi tsada. Amma ta fito. Ya kuma gina tasa manhajar, HarmonyOS, a madadin ta Google. Yaya aka yi haka? Shekara da shekaru kamfanin na zuba dukiya mai yawa a bincike, yana tara injiniyoyi, yana da daula mai goya masa baya da kasuwar gida mai faɗi. An toshe masa saye, ba a iya toshe masa sani ba. Wanda ya iya ƙira, jama'a, takunkumi jinkirta shi yake yi.

Sai mu juya ga masu rufe ƙofar, mu ga ko su sun tsira. A ranar 7 ga Oktoba, 2022, Amurka ta faɗaɗa hanin, ta hana kai wa ƙasar Sin ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi, irin wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita, tare da injinan ƙera ta, sannan ta lallashi Holan da Japan suka bi sahu. Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda a lokacin Sin ke cikin manyan kasuwanninsa, ya rage ƙarfin hajarsa don ta dace da doka. Bayan shekara guda aka hana wannan ma. Ya sake ragewa, aka sake taka masa birki a watan Afrilu na 2025, har ya rubuta asarar dala biliyan 4.5 ta kayan da ya tara bai iya sayarwa ba. ASML ba a taɓa barinsa ya kai wa Sin injinsa mafi inganci ba. Ɗan kasuwa na iya jure tsada, yana iya jure gasa, amma abin da ke karya masa gwiwa shi ne ya kwanta da doka ɗaya ya wayi gari da wata, alhali gina masana'antar ƙwaƙwalwa aiki ne na shekaru da biliyoyin dala. Ko tsakanin maƙwabta abokan Amurka an yi irin wannan, sa'ad da Japan a 2019 ta tsaurara fitar da sinadarai uku zuwa Koriya ta Kudu saboda tsohuwar husuma, Samsung da SK Hynix suka shiga neman madadi ido rufe.

Ƙasar Sin kuwa ba ta naɗe hannu ba. Daga watan Agusta na 2023 ta sa sharaɗin izini a kan fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom, waɗanda ita ce babbar mai samar da su. A watan Afrilu na 2025 ta tsaurara fitar da wasu ma'adinai da ake yin maganaɗisu da su, har wasu masana'antun motoci a Amurka da Turai da Japan suka dakatar da aiki na ɗan lokaci. Kowane ɓangare yana da abin da zai riƙe wa ɗan'uwansa. Shi ya sa ko sun yi zafi sukan koma teburin sulhu.

To, mu fa? Ga tambayar da ta sa na kawo wannan sharhi.

Ba zan ce muku duk tsadar waya daga wannan rikici take ba. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta fi shi taɓa aljihunmu kai tsaye. Kuma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Itel da Infinix, na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, ba irin ƙwaƙwalwar da aka hana ba ce a cikinsu, don haka har yau suna zuwa. Har ma akwai inda muka ci riba, domin yayin da ƙasashen Yamma ke tsaurara wa farantan sola na Sin, farashinsu ya sauko a kasuwanninmu, kuma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 manoman shinkafa da dama a fadamun Argungu sun koma ga injin sola don ban ruwa. Alhamdu lillahi. Amma ku lura, wannan sauƙi ba mu ne muka tsara shi ba. Yadda ya zo ba da shawararmu ba, haka zai iya tafiya ba da shawararmu ba.

Ga dalilin da ya sa na faɗi haka. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kayan da ke rataye a ƙarafunan sabis namu daga waje suke zuwa, kaso mai yawa daga Huawei da ZTE, wasu kuma daga Ericsson da Nokia na Turai. Idan duniyar fasaha ta rabu gida biyu, kowane gida da manhajarsa da kayan gyaransa, za a zo ranar da za a ce mu zaɓi ɗaya, kuma sauya kayan da aka riga aka kafa kuɗi ne da a ƙarshe mai sayen kati zai biya. Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Janairu na 2025 Amurka ta fitar da wata ƙa'ida da ta kasa ƙasashen duniya kashi uku wajen sayen ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi, Nijeriya da sauran galibin Afirka suka faɗa kashi na tsakiya, waɗanda aka yanke wa iyakar abin da za su saya. An soke ƙa'idar a watan Mayu kafin ta fara aiki. Amma da aka rubuta ta ba a tambaye mu ba, da aka soke ta ma ba a tambaye mu ba. Wannan shi ne halin mai saye.

Wani zai ce, to mu ma mu rufe tamu ƙofar mana, ai da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 shinkafar gida ta yi daraja. Maganar tana da gaskiya a cikinta, kuma mutanen Kabi sun fi kowa sanin haka, tun da a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma lamuni a watan Nuwamba na 2015, kuma ga masana'antun casar shinkafa na Labana da WACOT a gabanmu. Amma shinkafa mun gaji nomanta kaka da kakanni; sani yana hannu kafin a rufe ƙofa, kuma duk da haka talakan birni ya ji tsadar a tukunyarsa. Shi ya sa da aka fara maganar hana shigo da farantan sola a 2025, hankalina bai kwanta ba. Hana shigo da abin da ba mu riga mun iya yin isasshensa ba, hukunci ne a kan manomin da ya sayar da ragonsa ya sayi faranti. A fara kafa sana'ar, a inganta ta, kafin a yi maganar ƙofa.

Malamanmu na dā ba su ɗauki wannan abin wasa ba. Sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, wato idan aka rasa mai yi, laifin ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya sa kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da kafintoci da masu magani, da wadata kowane gari da su, a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. A ganina, a wannan zamani, sanin cikin waya da injin sola da na'urar asibiti ya shiga wannan babi. Ba ina cewa gobe za mu kafa masana'antar ƙwaƙwalwa a Gulma ba; ƙasashe masu dukiya ma sun nema sun rasa. Amma tsakanin mai sassaƙa ƙwaƙwalwa da wanda bai iya komai ba sai saye akwai matakai masu yawa, akwai gyara, akwai harhaɗawa, akwai rubuta manhaja, akwai tace ma'adini a gida maimakon fitar da shi ɗanye, kuma kowane mataki da muka hau yana rage ikon da wani ke da shi na tsayar da mu. Transsion kansa ba ya sassaƙa ƙwaƙwalwa. Ya ci kasuwar Afirka ne domin ya nazarci buƙatarmu, ya sa wa waya gurbin layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau.

Saboda haka ina da magana gare ku, masu sauraro. Baba, idan yaronka ya nuna sha'awar gyaran waya ko haɗa sola, kada ka ɗauka zaman banza ne. Nema masa ubangida nagari, kuma kada ka cire shi daga makaranta, domin lissafi da kimiyya su ne za su ɗaga shi daga sauya gilashi zuwa fahimtar abin da ke ciki. Inna, 'ya'ya mata ma suna iyawa. Ku masu gyara, ku riƙe amana, ku koyar da na bayanku ba tare da ɓoye sani ba. Ku manoma, kafin ku biya kuɗin injin sola, ku tambayi mai sayarwa inda ake samun kayan gyaransa da wanda zai gyara shi a kusa. Malamanmu na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, muna roƙonku ku buɗe ƙofa ga waɗannan matasa na bakin kasuwa da gajerun darussa da Hausa. Wakilanmu a majalisa kuma, idan gwamnati za ta sayi na'ura daga waje, ku nemi a rubuta horar da 'ya'yanmu da ajiye kayan gyara a cikin yarjejeniyar, ku kuma bi sawu ku ga an cika.

Allah Ya sa albarka a nomanmu da sana'o'inmu, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.